Kwamfutoci masu RAM giga 2: wace Linux ce ta rage marar nauyi?

Mushe_Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masana. Wata cibiyar koyon kwamfuta a nan Maradi tana da kwamfutoci goma sha biyu. Takwas na tebur ne, Core 2 Duo, RAM giga 2, diski mai juyi na giga 160. Huɗu laftof ne, Core i3 ƙarni na biyu, RAM giga 4. Duka Windows 10 ce a kansu, ga shi Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa ba ta shiga, don tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama. Aikin da ake yi da su bai wuce koyon buga rubutu da jadawalin lissafi da ɗan bincike a intanet da buga takarda ba.

Kullum ana cewa Linux ba ta da nauyi. Amma Ubuntu 24.04 fayil ɗin girkinta kaɗai ya haura giga 5, kuma tana sabunta wasu manhajoji ba tare da ta tambayi kowa ba. To wace ce ta rage? Abu uku ake so: ta yi aiki a giga 2, kada ta ci mega sai da izini, kuma mai kula da ɗakin ya san abin da ke gudana a cikinta.

Sani_Mokoyo:
Wa alaikumus salam Mushe. Debian 13 da Xfce, wato fuskar tebur marar nauyi. Ta fito 9 ga Agustan 2025, tana ɗauke da Xfce 4.20. Ka sauke ƙaramin fayil ɗin da ake kira netinst, bai kai giga ɗaya ba. In rezo, wato haɗin intanet, ba shi da ƙarfi a cibiyar, gara ka sauke DVD-1 sau ɗaya a inda rezo yake da kyau, wajen giga 4 ne, da shi za a girka komai ba intanet.

Wuri biyu mutane ke tuntuɓe. Na farko, inda ake tambayar kalmar sirrin root, wato asusun mai cikakken iko: ka bar wurin fanko. In ka bar shi fanko, mai amfani na farko zai samu sudo, izinin buga umarnin mai kula, kai tsaye. In ka cika, daga baya sudo zai ce ba ka cikin masu izini, sai ka shiga da su - ka buga adduser sunanka sudo, ka fita ka sake shiga. Na biyu, shafin zaɓen manhajoji: fuskar GNOME ce ke da maki tun asali. Ka cire mata maki da maɓallin tazara, ka sa wa Xfce. Wanda ya danna Enter da gaggawa a nan, GNOME zai samu, kuma ita ba abokiyar giga 2 ba ce.

Malama_Hadiza:
Ni dai Linux Mint Xfce zan ce. Ɗalibin da ya saba da Windows ba ya ɓata a cikinta, kuma sabuntawa da direbobi duk da linzami ake yi. Mint 22 tana da tallafi har 2029. Su da kansu sun ce giga 2 shi ne mafi ƙaranci, giga 4 ne ake sakewa. Ke nan laftof huɗun nan ta dace da su sosai. Na teburin ne abin dubawa.

Ɗan_Tibiri:
Ku dai kuna ta kewaye. Abin da nika gani, antiX ita ta dace da wanga aiki. Daga Debian anka gina ta, amma ba ta da systemd, tsarin da ke tada ayyukan kwamfuta a Debian, kuma maimakon Xfce tana zuwa da IceWM. In ta tashi ba ta cin ko rabin abin da Xfce ka ci. Mushe ya ce yana son sanin abin da ke gudana, to a antiX in ka buɗe htop, mai jera ayyukan da ke gudana, layukan ba su da yawa, kana iya karanta su ɗaya bayan ɗaya ka san aikin kowane.

abdoul_227:
Core 2 Duo ai 32-bit ne. Debian 13 ta jefar da 32-bit, ba za ta shiga ba.

Sani_Mokoyo:
@abdoul_227 Rabin maganarka daidai ne ƙanena. Debian 13 ba ta da kanel ko manhajar girki na 32-bit, haka ne. Amma Core 2 Duo 64-bit ne. Wanda bai wuce 32-bit ba shi ne Core Duo, wanda ba 2 a sunansa, da Atom N270 na ƙananan laftof ɗin nan na da. Abin da ke ruɗa mutane shi ne an saba ganin Windows mai 32-bit a kansu. Mushe, ka tada ɗaya da Linux daga kile, wato filashin USB, ka buga lscpu. In layin op-mode ya nuna 32-bit, 64-bit, shi ke nan. Ga mai Atom ko Core Duo na gaske, Debian 12 tana nan da tallafi har tsakiyar 2028, ko antiX.

Injiniya_Lawali:
Muhawarar Xfce da IceWM da LXQt tana da daɗi, amma bambancin da ke tsakaninsu mega ɗari biyu ne zuwa ɗari uku. Firefox da shafuka uku na zamani, ɗaya Facebook ɗaya YouTube, yana iya lashe giga ɗaya shi kaɗai. Saboda haka ko wace fuska aka sa, burauza ce za ta durƙusar da giga 2. A nan ya kamata a zuba ƙarfi.

Abu na farko zram. Yana yanke wani yanki na RAM ya riƙa matse bayanai a ciki, maimakon a tura su diski mai juyi, wanda shi ne ke sa kwamfuta ta daskare fitilar diski tana ci ba ƙyaftawa. A Debian da apt ake girka manhaja: sudo apt install zram-tools, sannan ka buɗe /etc/default/zramswap ka sa ALGO=lz4 da PERCENT=50. Wasu suna son zstd don ya fi matsewa, amma ya fi wahalar da furosesa, a Core 2 Duo lz4 ya fi dacewa. Ka buga sudo systemctl restart zramswap, ka duba da swapon --show. Ka tabbata lambar fifikon zram ta fi ta swap ɗin diski, wato ɓangaren diski da ke karɓar abin da RAM ta kasa ɗauka. Kada ka goge na diskin, ka bar shi ko ta kwana. Wannan ba baƙon abu ba ne, Fedora ta mai da zram na asali tun 2020.

Na biyu earlyoom. In RAM ta kusa ƙarewa, yana kashe manhajar da ta fi ci tun kafin komai ya tsaya. Ɗalibi zai rasa shafi ɗaya na burauza, ya fi a ce an danne maɓallin wuta an rasa duk abin da ya rubuta.

Na uku, uBlock Origin a Firefox ESR. Yana cikin rumbun Debian da sunan webext-ublock-origin-firefox, in ka sa shi ta apt duk masu amfani da kwamfutar sun samu. Tallace-tallace suna cin RAM, suna cin mega. In kana son ganin shafin da ke ci, ka rubuta about:processes a wurin adireshi.

Mai_Gyara_Sabongari:
Kafin ma a zo ga manhaja, a buɗe akwatunan nan. Kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu shekara da shekaru, ta zo ta shiga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ko me aka sa mata za ta yi nauyi, don furosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu.

A hure ƙura, amma a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalata ta. A cire abin sanyaya furosesa, a goge tsohon man da ya bushe, a ɗiga sabo daidai ƙwayar shinkafa. Yawansa ba ya ƙara komai. Ƙafafun roba huɗun nan na soket 775, masu riƙe abin sanyayan, suna da saurin karyewa, a danna su biyu-biyu a gicciye har a ji ƙas. In ɗaya bai kama ba, zafi zai fi na da. Bayan girki, sa lm-sensors ka buga sensors. In tana zaune ba aiki kuma tana nuna digiri 70, akwai matsala.

Sai batirin agogo, CR2032, mai volt 3. A irin waɗannan kwamfutoci yawanci ya mutu. Alamarsa: duk lokacin da aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kwanan wata ya koma shekarun baya. Daga nan burauza ta ce shafuka ba su da aminci, apt ya ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna, mutum ya zaci Linux ce ta lalace. A canza duka takwas ɗin a huta.

Diski kuma a duba shi da smartmontools: sudo smartctl -a /dev/sda. Layi biyu za ka duba, Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. In na biyun ya wuce sifili, kada ka ɓata lokacin girki a kansa. In da hali, SSD mai SATA na giga 120 ko 128 shi ne abin da zai fi canza waɗannan kwamfutoci, ya fi duk wata dabara da za a yi da manhaja.

Rabi_Tasawa:
Allah ya saka da alheri Mai Gyara, maganar batirin nan mutane da yawa ba su san ta ba. A ƙara da sudo timedatectl set-timezone Africa/Niamey, a kuma tabbata systemd-timesyncd yana nan, don agogo ya daidaita kansa in an samu rezo.

Nura_Ubuntu:
Ana ta yi wa Ubuntu kuɗin goro. Lubuntu ma Ubuntu ce, tana amfani da LXQt tun 18.10, kuma a 24.04 in ka zaɓi ƙaramin girki ba ta sa snap ko kaɗan, wato tsarin manhajojin Ubuntu masu sabunta kansu. Sannan snap ɗin ma ana iya tsayar da shi: sudo snap refresh --hold. Amfanin dangin Ubuntu shi ne in matsala ta taso, amsarta tana nan birjik a intanet, har da Faransanci.

Ɗan_Tibiri:
@Nura_Ubuntu Ka faɗi da bakinka: "ana iya tsayar da shi". Mi ya sa sai ni zan bi shi in tsayar? Yadda anka gina shi, sau huɗu a yini yake leƙawa ya ga ko da sabo, in ya gani ya sauke. Kuma tun 22.04, in ka buga apt install firefox, snap za a sa maka, ba abin da ka nema ba. Rumbun snap ɗin kuma guda ɗaya ne, na kamfani guda, manhajar da ke tafiyar da shi ba a buɗe take ba. Shi ya sa Mint tun 2020 sunka toshe shi da fayil ɗin nosnap.pref.

Nura_Ubuntu:
Dalilin da ya sa aka yi shi haka shi ne mutane ba sa sabunta burauza in an bar su. Burauzar da ta yi wata shida ba gyaran tsaro, a ɗakin da ɗalibai ke shiga asusunsu, ita ma haɗari ce. Iko a hannun mai kwamfuta yana da kyau in mai kwamfutar zai yi aikin.

Injiniya_Lawali:
Dukanku kuna da gaskiya, kuma a ɗakin Mushe akwai hanyar da za a haɗa biyun. Matsalar ba sabuntawar ba ce, sauke abu ɗaya sau goma sha biyu ne. A zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama rumbu: sudo apt install apt-cacher-ng. Tana saurare a ƙofa 3142. A ba ta adireshi tsayayye, misali 192.168.1.10. A sauran kuma a ƙirƙiri fayil /etc/apt/apt.conf.d/02proxy da layi ɗaya:

Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";

Ta farko da ta nemi ƙunshi ita ce za ta ci mega, sauran sha ɗaya daga rumbun cikin ɗaki za su ɗauka. Sharaɗi: adireshin rumbunan Debian a sources.list ya zama http, ba https ba, don abin da ya bi ta https ba ya ajiyuwa. Ba abin tsoro a nan, kowane ƙunshi apt yana tantance shi da sa hannun Debian kafin ya girka. Wani sharaɗin kuma, duka sha biyun su zama Linux iri ɗaya. In rabi Mint ne rabi Debian, rumbun zai sauke kaya kashi biyu. Wannan ne ya sa ban goyi bayan raba su ba, Malama Hadiza, ko da yake Mint ta fi daɗin hannu.

Sai a sa rana ɗaya a mako, mai kula ya buga apt update da apt upgrade, ya ga yawan megan da apt ya faɗa kafin ya ce eh.

Rabi_Tasawa:
In ba waya tsakanin kwamfutocin fa? Cibiyoyi da yawa talho ake jonawa da kebul.

Injiniya_Lawali:
To sai a yi da kile, Hajiya. A sabunta ɗaya da apt-get, ba apt ba. Bambancin: apt yana goge fayilolin deb bayan ya girka, apt-get yana barin su a /var/cache/apt/archives. A kwafe su a kile, a zuba a wuri guda a sauran. Kowace za ta buƙaci apt update ta sauke jerin sunaye kawai, manyan kayan kuma ta same su a gida. In rezon talho ne, a shaida wa NetworkManager cewa mega a ƙidaye take: nmcli connection modify "sunan haɗin" connection.metered yes. Ba kowace manhaja ke girmama wannan alama ba, amma masu sabunta kansu da yawa suna dubawa.

Bachir_cli:
Ku bar zaɓen Xfce a wurin girki, yana jawo kaya da yawa. A girka Debian tsurarta, sannan apt install --no-install-recommends xfce4 lightdm. Shi ne sauƙi na gaskiya.

Sani_Mokoyo:
@Bachir_cli Wanda ya buga wannan umarni yadda ka rubuta shi, baƙin allo zai tarar. Xorg yana cikin abubuwan da xfce4 ke ba da shawara ne, ba dole ba, don haka ba zai shigo ba. In ana son bin wannan hanya, sai an lissafo da hannu: xorg, xfce4-terminal, xfce4-power-manager, network-manager-gnome, gvfs, udisks2, thunar-volman da wakilin polkit irin mate-polkit. Ba gvfs da udisks2, ɗalibi zai soka kile ya ga shiru, kwandon shara ma ba zai yi aiki ba.

Akwai wani tarkon. In an girka ba fuska kuma an haɗa wifi lokacin girki, bayanin yana shiga /etc/network/interfaces. Daga baya NetworkManager zai ƙi taɓa katin, ya ce ba shi ke kula da shi ba. Sai an sa # a gaban layukan katin an sake tada kwamfuta.

Duk wahalar nan abin da za ta rage maka yawanci wurin diski ne, ga shi diskin giga 160 ne. Ƙunshin da ke kwance a diski ba ya cin RAM. Abin da ke tashi da kansa shi ke ci. Ka duba su da systemctl list-unit-files --state=enabled. A na tebur, bluetooth ba shi da aiki. ModemManager ma haka, sai dai in ana amfani da modem na USB, in ka kashe shi modem ɗin ba zai ƙara haɗuwa ba. cups, mai kula da firinta, a bar shi a inda ake buga takarda. Kashewa: sudo systemctl disable --now bluetooth.

Ɗan_Tibiri:
Kun ga abin da nika faɗi. Duk maganinku systemctl kaza, systemctl kaza. Abu guda ya riƙe tashin kwamfuta, da rajista, da agogo, da shiga asusu. Tun da Debian 8 ta ɗauke shi a 2015 ake wagga gardama, har wasu sunka ɓalle sunka yi Devuan. A sysvinit, tsarin da systemd ya maye gurbinsa, rubutun tashi fayil ne da kowa ka iya buɗewa ya karanta.

Malama_Hadiza:
Malam na Tibiri, wa zai karanta? Mai kula da ɗakin nan malamin koyarwa ne, ba mai rubuta manhaja ba. In firinta ta ƙi aiki ya nemi taimako, duk amsar da zai samu da systemctl za ta fara. A antiX sai ya fassara kowace amsa zuwa wani tsari. Ni a ganina sanin abin da ke gudana ya haɗa da iya gyara shi in ya tsaya. systemd-analyze blame yana jera maka abin da ya ja lokaci wajen tashi, journalctl -b -p err yana nuna kurakuran wannan tashin. Wannan ma ai iko ne. Jakin da ka san halinsa ya fi dokin da sai mai shi ya zo.

Ɗan_Tibiri:
Na ji, Malama. Amma a bar antiX a kile guda. Ran da wata ta ƙi tashi, da ita za a kwashe fayilolin yara.

Oumarou_Madarumfa:
Ba wanda ya taɓo maganar kibod. Kwamfutocin da ke shigowa ta Jibiya da Dan Isa QWERTY ne, waɗanda suka fito Faransa AZERTY. A ɗaki ɗaya sai ka tarar da iri biyu. In an zaɓi wanda bai dace ba lokacin girki, kalmar sirri mai a ko q ko lamba za ta ƙi shiga daga baya. Gyara na dindindin: sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration.

Tun da kuma kundin mulkin Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kamata yara su iya buga ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Hanya mafi sauƙi ita ce maɓallin haɗi. A cikin saitin kibod na Xfce ka zaɓi maɓallin Menu ko Ctrl na dama ya zama shi. Kada ka zaɓi Alt na dama a AZERTY, shi ne AltGr, in ka ɗauke shi @ da # sun tafi. Sannan ka ƙirƙiri fayil .XCompose a gidan mai amfani. Layin farko include "%L", don kada a rasa sauran haruffa. Sai:

<Multi_key> <h> <k> : "ƙ"
<Multi_key> <h> <d> : "ɗ"
<Multi_key> <h> <b> : "ɓ"
<Multi_key> <h> <y> : "ƴ"

Haka za a yi wa manyan baƙaƙe. A fita a sake shiga. In harafi ya fito kamar akwati, salon rubutun ne ba shi da shi. DejaVu yana da su, haka Andika da Charis, fonts-sil-andika da fonts-sil-charis.

Rabi_Tasawa:
Tun da an shigo salon rubutu: takardar Word da aka buɗe a LibreOffice ta tarwatse, yawanci rashin Calibri ne. A sa fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea. Faɗin haruffansu daidai yake da na Calibri da Cambria, shafuka ba za su goce ba. fonts-liberation kuma yana tsaya wa Arial da Times New Roman. Ga masu aiki da Faransanci, libreoffice-l10n-fr da hunspell-fr. Takardar da za a kai wani biro a buga, a fitar da ita PDF.

abdoul_227:
Akwai Emmabuntüs ma, ƴan Faransa ne suka yi ta don tsofaffin kwamfutoci, kan Debian take, komai da Faransanci.

Bachir_cli:
Tana da kyau ga inda ba intanet sam, don ta zo da manhajoji jingim. Amma Mushe ya ce yana son sanin abin da ke ciki. Gara ya fara da kaɗan ya ƙara.

Mai_Gyara_Sabongari:
A yi maganar kuran. Na tebur ba su da batir, wuta na tafiya sun mutu. A bar diski a ext4, yana jure wannan. In wata ta tashi ta tsaya a baƙin allo da kalmar initramfs, ba ta mutu ba. A karanta sunan ɓangaren da ta ambata, a buga fsck -y /dev/sda1 ko wanda ta faɗa, sannan exit. In kuma ana cikin sabuntawa wuta ta tafi, sudo dpkg --configure -a sannan sudo apt -f install. Saboda haka kwamfutar rumbu da Injiniya ya faɗa, a sa ɗaya daga cikin laftof ɗin, batirinta zai riƙe ta. A LibreOffice kuma a rage lokacin ajiyar kai-da-kai zuwa minti uku.

Injiniya_Lawali:
Ƙari kan Debian 13 a giga 2: yanzu /tmp a cikin RAM yake zama, kuma yana iya kai rabinta. In wani ya buɗe babban fayil ɗin zip ko ya yi sikanin shafuka da yawa, RAM za ta cika ba a san dalili ba. A na teburin nan a mai da shi diski: sudo systemctl mask tmp.mount, a sake tadawa. A laftof masu giga 4 ana iya barinsa.

Mushe_Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. lscpu ya nuna 64-bit kamar yadda Malam Sani ya ce. Biyu daga cikin diskokin suna da lamba a Current_Pending_Sector, an ware su. Har yanzu ana ja tsakanin Debian da Mint a nan, masu koyarwa sun fi karkata ga Mint. Tambaya uku ta rage. Dole ne a girka ɗaya bayan ɗaya? Yaya za a hana yara ɓata tebur, don kullum sai wani ya goge sandar ƙasa? Sannan firintar HP LaserJet 1020 ce.

Sani_Mokoyo:
Ba dole ba ne Mushe. Ka gama ɗaya tsaf, da zram da haruffa da komai, ka ɗauki hotonta, wato kwafin diskinta gaba ɗaya, da manhajar Clonezilla a diskin waje, ka zuba wa sauran. Diskin da za a zuba wa kada ya gaza na asali girma, don haka ka gina ta farko a kan mafi ƙanƙanta. In za a sayi SSD na giga 120, a kansa za a gina, ba a kan na 160 ba. Bayan zubawa, kowace a canza mata suna da hostnamectl set-hostname, a gyara /etc/hosts, a goge /etc/machine-id a buga systemd-machine-id-setup. Na tebur da laftof a yi musu hoto daban-daban. Kilen da za a yi aikin da shi a gwada shi da f3probe tukuna, akwai na jabu masu nuna giga 64 alhali cikinsu bai kai haka ba.

Maganar yara: asusu biyu. Na malami mai sudo, na ɗalibi marar sudo. Ka shirya tebur yadda kake so, ka kwafe .config/xfce4 zuwa /etc/skel/.config. Ka rubuta ɗan fayil da zai goge .config/xfce4 na ɗalibi, ya kwafo na /etc/skel, ya yi chown -R ya mai da wa ɗalibi. A /etc/lightdm/lightdm.conf ƙarƙashin [Seat:*] ka nuna shi a session-setup-script. Duk shiga, tebur ya dawo yadda yake. Ka taƙaita gogewar ga wannan jaka kaɗai, in ka haɗa da gidan gaba ɗaya aikin yara zai tafi.

Nura_Ubuntu:
In masu koyarwa Mint suke so, akwai LMDE, Mint ce a kan Debian. Sai dai da Cinnamon take zuwa, ta fi Xfce nauyi. A gwada ta daga kile a ɗaya daga cikin na teburin, a buɗe Firefox da LibreOffice tare, a buga free -h a ga abin da ya rage a layin available. Gani ya kori ji.

Mai_Gyara_Sabongari:
1020 ba ta riƙe manhajarta a cikinta, kwamfuta ce ke tura mata duk lokacin da aka kunna ta. Shi ya sa za ka ga an gane ta, an tura aiki, ta yi shiru. A sa printer-driver-foo2zjs, sannan da intanet a buga sudo getweb 1020 sau ɗaya don a sauko da fayil ɗin. In hakan ya ƙi, hplip da hp-plugin suna yin aikin. A kashe firintar a kunna. In ka ji ta yi ƙugi sau biyu, na biyun bayan ƴan daƙiƙu, fayil ɗin ya shiga. A jona ta da kwamfuta ɗaya a raba wa sauran ta cups.

Kafin a sayi ƙarin RAM kuma, sudo dmidecode -t memory. Zai nuna ko DDR2 ce ko DDR3, ramuka nawa ne, da iyakar abin da allon ke ɗauka. Allunan da ke da guntun Intel G31 yawanci ramuka biyu gare su, giga 4 ne iyakarsu. In akwai mai sanda biyu na giga ɗaya-ɗaya, sai an cire su duka a sa na giga biyu-biyu, waɗanda aka cire kuma su tafi ga wadda ke da ramuka huɗu.